Zoben Karan Alkama

Tun da na dawo daga Riyad mata ke ta shigowa yi mini sannu da zuwa, kowacce da tambayarta. Wata ta ce yaya jaririn, wata ta ce da gaske ne ba a ganin kowa a titi da rana, wata kuma dabino kawai ya kawo ta. Na ba da labarin har bakina ya gaji, amma kullum rabinsa nake bayarwa. Ƙawata Hajiya Ladi ce ta lura, ta ce, "Dije, akwai ƙullin da ba ki kwance mana ba." Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

'Yar autata Rukayya ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a can, mijinta Bashir kuma injiniya. Haihuwar fari ce, a al'ada ita ya kamata ta zo gida wanka. Amma hutun da aka ba ta gajere ne, takardun jaririn ma ba su fito ba. Sai aka juya al'adar, ni na bi ta. Mahaifinta ya rasu shekarun baya, na kuma yi ritaya daga koyarwa, babu abin da ya riƙe ni a Malumfashi.

Yayanta ne ya kai ni Kano a motarsa, cikin damina, ana tsuga ruwa tun daga Dayi. Kusa da Gwarzo taya ta fashe, muka fake a rumfar wani mai shayi yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya dasa ƙusar. Kayana kuwa na mai zuwa jego ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, surfaffen gero, da kanwa ta kunu. A filin jirgi aka ce nauyi ya yi yawa. Nan na durƙusa a gaban jama'a ina rage gero a leda, yayan Rukayya na tsaye yana kallon rufi saboda kunya.

A cikin jirgi na zauna kusa da wata yarinya 'yar Kazaure da za ta je aikatau gidan Larabawa. Ba ta taɓa shiga jirgi ba. Da ya fara gudu ta damƙe hannuna ba ta ko nemi izini ba, ba ta sake ni ba sai da aka kawo abinci. A Jidda muka rabu, wani mutum mai riƙe da kwali ya tafi da ita. Na manta ban karɓi lambarta ba, har yau ina tunanin inda ta faɗa.

Wurin jami'an shige da fice lallena ya jawo mini. Na sha ƙunshi saboda murnar jika, ashe na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta son sa. Wata jami'a ta yi ta goge mini yatsu da auduga tana danna su a gilashi, layi ya yi tsawo a bayana, sai da ƙyar na'urar ta yarda da ɗan yatsa guda. Mai duba kaya kuma ya buɗe robar daddawa, ya ja da baya, ya rufe da sauri ya miƙo mini. Kanwar ce bai yarda da ita ba. Ya juya ta, ya shinshina, ya kira abokinsa, na yi ta cewa ta kunu ce da Hausa da Turanci, suka jefa ta a kwando.

Na sauka Riyad da la'asar. Da ƙofar filin jirgi ta buɗe sai na ji kamar na leƙa tanderun gurasa. Mu muna cewa mun san bazara, ashe ƙanwarta muka sani.

Gidan su Rukayya a wani bene yake a unguwar Murabba. Babu tsakar gida, tagogi a rufe, na'urar sanyi na ruri dare da rana. Abu ɗaya ya ba ni dariya: tankin ruwa a kan rufi yake, saboda haka da rana ruwan famfo ya fi na tukunya zafi. Ruwan jego kyauta, ba itace ba hayaƙi. Amma shirun gidan ya dame ni. A gida in an haihu, ƙofa ba ta rufuwa saboda 'yan barka. A can maƙwabciyarmu Balarabiya sai ta danna ƙararrawa, ta ajiye katon faranti na shinkafarsu ta kabsa da kaza a bakin ƙofa, kafin a buɗe ta koma. Abincin da daɗi, ita ce dai ban taɓa ganin fuskarta ba. Ragon suna ma ban gan shi da rai ba, a kwali aka kawo shi a yayyanke.

Bashir yana fita aiki da motarsa tun safe, don haka duk zirga-zirgarmu wani dattijo ke yi da mu, mutumin Maraɗi. Direba ne a unguwar ofisoshin jakadanci, in ya tashi aiki sai ya ɗauki iyalan 'yan Najeriya da suka yarda da shi. Abu Hamza kowa ke ce masa, irin yadda Larabawa ke kiran mutum da sunan ɗansa. Mai jiki ne, gemu fari fat, ba ya ɗaga ido ya kalli mace. Ni kuma a baya nake zama da niƙabina, ƙeyarsa na fi sani. Da ya ji labarin kanwata, washegari ya zo da ƙulli daga Gubaira, unguwar da yake zaune, inda ya ce babu abin gida da ba a samu in ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Wata rana da hantsi abokiyar aikin Rukayya ta zo barka, wata Ba'amurkiya doguwa, sa'ata a shekaru, ana ce mata Sista Linda. Ta same ni ina yi wa angona wanka a baho. Ni ban ma san ina rera wani abu ba, sai na ga ta tsaya a ƙofar banɗaki da kek a hannu.

"Mama, ina kika san wannan waƙar?" ta tambaye ni da Turanci.

Na ce tsohuwar waƙa ce, tun ina 'yar makaranta. Sai ta ɗauki amshin daga inda na tsaya, da kalmominsa. Rukayya ta fito daga ɗaki tana kallonmu, tsofaffi biyu da jariri tsirara a tsakani.

Yaran yanzu ba su san cewa a zamaninmu ana jin irin wannan kiɗa na Amurkawa da ake kira kantiri a Arewa ba. Gidan rediyo na sa shi da safiyar Lahadi, direbobin manyan motoci da telolin kasuwa duk suna da kaset ɗinsa, ko da ba su jin Turanci. Jita ce a hankali, da wani abin kiɗa mai jan sauti kamar goge, da muryar namiji mai kauri wanda ba ya gaggawa.

Da muka zauna shan shayi, Linda ta ba mu asalin waƙar. Ta ce ita 'yar manoma ce, daga yankin da alkama ke kaiwa iyakar ganin ido. A can sanyi ke cinye yawancin shekara, lokacin zafi gajere ne, shi ne lokacin da ake rufe makarantu, rana ta daɗe ba ta faɗi ba, samari da 'yan mata su fito. Ta ce kowa ya san ba zai daɗe ba, shi ya sa ake ɗokinsa. Na ce mata mu kuma addu'a muke zafi ya wuce, abin da ya yi kama da nasu a wurinmu shi ne dogon hutu na damina. Ta leƙa taga ta ce a Riyad kam wanda ya yi soyayya a waje a wannan watan, asibitinsu za a kawo shi.

Ta ce akwai samari 'yan ƙwadago da ke bin girbi da manyan injuna. Suna farawa daga kudu inda alkama ke riga nuna, su yi ta hawa arewa gona bayan gona, ba sa wuce 'yan makonni a gari ɗaya. Ƙaninta ma ya yi wannan aikin. Waƙar labarin ɗaya daga cikinsu ce, da 'yar mai gona da ke kai musu abincin rana. Suna zama a bayan akori-kura suna shan kankana. Ya murɗa karan alkama ya yi mata zobe ya sa mata a yatsa. Amma tun ranar da ya sa mata ya san karan zai bushe ya karye, ya kuma san in an yanke gonar ƙarshe zai bi ayari. A baiti na ƙarshe yake roƙon ta kada ta jira shi. Linda ta ce a garinsu ana cewa wanda ya rubuta ta ƙanin yarinyar ne, ya girma yana ganin yayarsa na leƙen hanya duk lokacin girbi.

"Mutane na sa ta a wurin biki saboda daɗin kiɗan," in ji ta, "ba sa sauraron ƙarshen. Ban kwana ce."

Na ce na sani. An faɗa mini tun tuni.

Ga yadda na sani. Ina aji huɗu a sakandare aka tura ni dogon hutu Katsina, gidan Gwaggona. Rediyonta ya lalace, ta aike ni da shi shagon wani mai gyara a bakin layi. A shagon akwai wani siririn yaro ɗan ƙanwar mai shagon, ya zo daga Maraɗi koyon aiki, sunansa Isufu. Bokon Faransanci ya yi, ba ya jin Turanci ko kaɗan. Rediyon da ya kamata a gyara a yini ɗaya sai da ya yi mako, kullum da abin da ya rage. Daga baya ya fara zuwa ƙofar gida bayan la'asar, da gasasshiyar masara a takarda, Gwaggo na zaune a soro tana tsinke zogale tana jin duk abin da muke cewa. Ba ma cewa komai mai nauyi. Yana koya mini ƙirga da Faransanci, ina yi masa dariyar yadda yake cewa "mi" maimakon "me". In hadari ya taso ya ruga shago ya rufe kayan mutane, ya dawo a jiƙe. Ban taɓa jin daɗin damina kamar wannan ba.

Ranar da zan koma ya same ni a tasha ya ba ni kaset. Ya ce, "Ki saurari waƙa ta farko. Abin da na kasa faɗa ke nan."

Na saurara har zaren ya fara ja, amma Turancin Amurkawa ya fi ƙarfin kunnena a lokacin. Sai na kai wa ɗan kawuna, Yaya Kabiru, da ke jami'a a Zariya, na ce wata ƙawata ce ke son fassara. Ya saurara sau biyu, ya fassara mini tsaf, har baitin da ake cewa kada ta jira. Na yi kukana a bayan ɗaki. Hutun Disamba Gwaggo ta aiko in zo, na ce ba ni zuwa. Ban sake kwana a Katsina ba sai bayan na yi aure.

Ban ba su Rukayya wannan labarin ba. Na ce dai a rediyo na ji ta.

Bayan 'yan kwanaki muka tafi kai jariri rigakafi. Rukayya ta samo waƙar a wayarta, muna cikin mota ta kunna don ta tsokane ni. "Umma, ga waƙarku ta 'yan da."

Jitar na farawa na ga Abu Hamza ya rage gudu. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon motar da ke karatun labarai.

"Ɗiyata, ina kika samo wagga waƙa?"

"Baba, kai ma ka san ta?"

"Na san ta. Waƙar neman aure ce."

Rukayya ta yi dariya. "Wane neman aure, Baba? Rabuwa ce. Cewa yake kada ta jira shi."

"A'a. Akwai zobe a ciki. Ya sa mata zobe."

"Na kara ne. Ya sa mata ya tafi abinsa, bai dawo ba." Ta fassara masa baiti bayan baiti, yadda Linda ta yi mana, tana tsayar da waƙar tana ci gaba.

Muka wuce fitilar hanya. Sannan ya yi magana, ba da ƙarfi ba, idonsa a kan titi. Ya ce yana yaro a Katsina ya so wata yarinya 'yar makaranta, ya rasa bakin da zai ce mata yana son ya turo manya. Shi baƙo ne, ba shi da komai sai sukudireba. Sai ya je wurin mai sayar da kaset a kasuwa ya ce a ba shi waƙar Turanci da namiji ke neman auren mace, tunda ita 'yar boko ce. Mai kaset ya sa masa wannan, ya nuna masa daidai inda ake ambaton zobe.

"Na jira ta hutun Disamba," in ji shi. "Na ɗinka sabuwar riga. Gwaggonta ta ce ta ce ba ta zuwa. Na ce to, ta ji, ta ba ni amsa. Da rani na koma gida."

"Allah sarki, Baba," in ji Rukayya. "Ba ka sake neman ta ba?"

"Wanda aka ce wa a'a, mi zai koma nema?"

Ina bayansa da jariri a kafaɗa. Na dubi ƙeyar nan da na yi makonni ina kallo, na nemi siririn yaron nan a cikinta, ban gan shi ba sai a kunnuwa. Rukayya ta juyo ta ce, "Umma, kin ji ikon Allah?" Na ce na ji. Na gyara wa yaron hula.

Sauran kwanakina a Riyad ban san yadda suka wuce ba. An kai ni gidan tarihi da ke kusa da mu, an kai ni kasuwar dabino, Bashir ya yi ta ɗawainiya. Ina dama kunu da kanwar da mutumin ya kawo, ina tunani. Ban yi auren baƙin ciki ba. Alhaji mutumin kirki ne, ya riƙe ni da mutunci har ya koma ga Allah, kuma da ban aure shi ba da babu Rukayya, babu wannan jaririn. Duk na san wannan. Amma shekara da shekaru ina ɗauke da cewa wani ya taɓa duba na ya ga ban isa a dawo domina ba. Na gina wani ɓangare na halina a kan haka, rashin sakin jiki da mutane, saurin tattara kayana kafin a ce in tafi. Ashe a lokacin da nake kuka a bayan ɗaki, shi yana wurin tela. Katsina da Malumfashi ba nisa. Da ɗayanmu ya buɗe baki sau ɗaya, da an gama.

Na yi niyyar in tafi ban ce komai ba. Me tsohuwa mai jikoki za ta ce wa mijin wata?

Ranar komawata Rukayya ta yi sallama da ni a gida saboda zafi ya yi wa jariri yawa. Motar Bashir na wurin gyara, sai Abu Hamza ya kai mu. A bakin filin jirgi Bashir ya shiga neman amalanken kaya, ya bar mu a bayan mota, dattijon na sauke jakunkuna. Na ga in ban yi magana yanzu ba, ba ni da wani lokacin.

"Malam Isufu," na ce.

Ya tsaya da jaka a hannu. A garin nan babu mai kiran sa da wannan sunan.

"Yarinyar ta saurari kaset ɗin. Ta kai an fassara mata. Wanda ya fassara bai yi kuskure ko ɗaya ba."

Ya ajiye jakar a hankali. Karo na farko ya ɗaga ido ya dube ni, ba abin da yake gani sai idanuna.

"Dije?"

"Ni ce."

Ya dafa murfin but ɗin motar. Bakinsa ya motsa, na ji yana salati can ƙasa. Sannan ya ce, "Ke nan kin ɗauka korar ki na yi."

"Haka waƙar ta ce."

"Ni ban san abin da ta ce ba."

"Yanzu na sani."

Motoci na ta yi mana ham a baya. Ya goge fuska da gefen rawaninsa. Ya tambaye ni ko na yi zaman lafiya a gidan mijina, na ce na yi, alhamdu lillahi. Na tambaye shi iyali, ya ce suna Maraɗi, Hamza ya kusa aure, matarsa mai haƙuri ce, shekara biyu-biyu yake zuwa ganin su. Duk abin da muka faɗa gaskiya ne, kuma babu abin da ya rage da ya halatta a ƙara.

"Kalma nawa ce, Dije," in ji shi. "Da Hausa. Da na faɗa a tasha."

"Da na tambaye ka ni ma."

Wani ɗan sanda ya taho yana buga murfin motar da tafin hannu, yana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri. Bashir ya iso da amalanke yana ba da haƙurin daɗewa. Ya ce, "Abu Hamza, ka zagaya ka jira ni a wurin ajiye motoci, in raka Hajiya ciki."

"To," in ji shi. Ya ɗora jakar ƙarshe, ya gyara mata zama da kyau don kada ta zame. Ya ce, "Hajiya, Allah ya kai ki lafiya. A gaida gida."

Na ce, "Gida zai ji. Allah ya saka da alheri."

Ya shiga mota ya ja. Bashir na tura kaya yana yi mini bayanin ƙofar da zan bi in na sauka Jidda, ina amsa masa da to, to. Da muka kai bakin gilashi na waiwaya. Motocin wurin duk farare ne, iri ɗaya, suna bin juna a hankali cikin rana. Na tsaya ina dubawa, ban iya gane wacce ce tasa ba.